Layinmu Ya Shiga Taswira

Ina fitowa na ga wata mata tsaye a ƙofar gidanmu a Rigachikun, tana kallon bango tana danna waya. Gabana ya faɗi. A Kadunan nan, in baƙo ya ƙare wa bangonka kallo, jan fentin masu rushe gidaje ne ke biyo baya, kuma gidan nan kaɗai Inna ta mallaka.

Na ce, "Malama, wa ya turo ki? Koma ki ce musu ba ma tashi!"

Ta yi dariya. "Haba ƙanina, ba wanda ya turo ni. Taswirar waya muke gyarawa, aikin sa kai ne. Da damina motar asibiti ta yi ta bulayi a Mando tana neman layinmu, babana na kwance. Babu layin a taswira. Naku ma babu."

Da kaina na zagaya da ita lungu-lungu, tana sakawa.

Yanzu ga layinmu ɓaro-ɓaro a waya. Motar asibiti za ta gane gidan Inna. To, masu jan fentin fa?

Jama'a, taimako na yi ko asirinmu na tona?