Faci Goma Sha Ɗaya a Fiffiken Hagu

Gunduwa-gunduwa aka kawo shi a kan tirela, aka sauke a siton kafilina, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamana a Jidda, can bayan unguwar Madain Fahd. Jirgin yaƙi ne mai kujera ɗaya da farfela a hanci, na zamanin yaƙin duniya na biyu. An ce ya yi faɗa a hamadar arewacin Afirka, daga baya aka riƙa koya wa sababbin matuƙa tashi da shi, ƙarshe ya zama akurkin kaji a wata gona. Kafilin yana so ya kafa shi a gidan hutunsa, baƙi su riƙa ɗaukar hoto.

Ni aikina gyaran jikin mota ne, shekara tara ina bugun ƙarfe a garejin mutumin nan. A satin da jirgin ya iso ƙanwata ta kira daga Maraɗi, ta ce ɓarin jikin Baba ya shanye, kullum ni yake tambaya. Fasfona yana cikin durowar kafili, kuma a lokacin ba baƙon da ke fita daga ƙasar sai da sa hannun kafilinsa.

Na je na roƙe shi, ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Ya mu'allim, gama mini jikin jirgin, halas, shi ke nan, da kaina zan kai ka filin jirgi."

Na duƙufa. Sito ba taga, ga zafin Jidda mai danƙo, rigata ba ta taɓa bushewa ba. A fiffiken hagu na tarar da faci goma sha ɗaya, ƙananan gwangwanaye da aka dasa da ƙusoshi a karkace inda harsashi ya huda. Har tsaki na yi, na ce wanda ya yi wannan ko bokiti ba zan ba shi ya liƙe ba. A sana'armu, gwani shi ne wanda zai gyara mota mai ita ya rasa inda aka buge ta. Na ɓamɓare su duka, na toshe, na goge, fiffike ya yi sumul. Gwangwanayen na zuba wa masu sayen tsohon ƙarfe. Wata biyu na gama aikin wata huɗu, na kira gida na ce a gaya wa Baba ina tafe.

Sai kafili ya zo da wani tsohon Bature masanin irin waɗannan jirage. Ya shafa fiffiken, ya duba tsofaffin hotunan da ke hannunsa, ya sake shafawa, fuskarsa ta yi ja. Ashe facin nan su ne darajar jirgin. Wani makanike ne ya yi su a bakin daga, cikin gaggawa, don matuƙi ya sake tashi da safe. Na ji kunyar tsakin da na yi masa, na kuma ji tsoro.

Kafili bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mayar da su yadda suke, sai ka tafi."

Na zagaye masu tsohon ƙarfe har unguwar Nuzla, an riga an narkar da su. Dole na koma huda fiffiken da na warkar da hannuna, ina kwaikwayon karkataccen aikin wani daga hoto. Duk facin da na yi sai an tura wa Baturen, shi kuma ya ce ya cika kyau, a sake. Hannuna ya ƙi koyon ɓata aiki. Na tsani jirgin nan kamar in cinna masa wuta.

Ina ƙarasa na bakwai, bayan azahar, ƙanwata ta kira. Kukanta kawai na ji, na ajiye guduma.

Na wanke hannu na tafi ofis. Kafili ya taso ya rungume ni, ya yi mini ta'aziyya, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, ya sa aka kawo mini shayi. Har ga Allah ya ji tausayina. Da zan fita ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Saura huɗu ko? To yanzu ba gaggawa, ya mu'allim. Yi su a hankali."