Gaisuwar Abdulnasir a Kwance

Abdulnasir ɗan ƙanena ne, ni na goye shi. Tun yana yaro ba ya wuce babba sai ya durƙusa. Ya girma, ya samu aikin ofis a Kazaure, ya yi tumbi, likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Sai ya sayo keken tsere mai siririyar taya kamar tsinken tsire.

Bara ya canja feda, ya sa irin wadda ke cafke takalmi, ƙafa ba ta fita sai ka murɗa dunduniya. Daga nan gwiwa ta fara ciwo, wai sirdi ya yi masa tsawo. Ya kai wa Haladu mai gyaran keke. Haladu ya sauke sirdin da faɗin yatsa, gwiwa ta huta. Amma shi Haladu, in ya ga abu sako-sako gani yake aikin banza ne, sai ya ɗaure macafkar fedar tam.

Wata ranar Asabar Abdulnasir ya nufi Roni. Ga surukinsa Malam Mamuda zaune a gindin darbejiya da dattawa. Ya murɗa ƙafa, ta ƙi fita. Sai ya ɗaga hannu ɗaya ya wuce, kamar ɗan siyasa.

Kafin la'asar labari ya iso mini. Ban tambaye shi komai ba, na tare shi a gaban matarsa Khadijat.

"Kai, albashin ne ya sandarar maka da gwiwa? Uban matarka za ka ɗaga wa hannu?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri," ya ce.

Washegari ya koma da keken, ya ja birki a gaban dattawan, ya san abin da zai faru. Ya kife gaba ɗaya, ƙafafu a manne.

"Baba, ina kwana," ya ce daga ƙasa.

Malam Mamuda da kansa ya kwance masa takalmin. "Ashe ɗaure ka aka yi, ɗana. Tashi, gaisuwar jiya ma na amsa."

Haladu ya sassauta macafkar. Yanzu tun daga nesa Abdulnasir yake sauka, ya cire takalmin ya taka da safa.

Tabon faɗuwar yana nan a gwiwar hannunsa. Ni kam bakin da ya iya faɗa bai iya ba da haƙuri ba. Fura nake aika masa duk Asabar, kuma in ya zo gaishe ni, tabarma nake kallo.