Kujerar Gaba Zuwa Faskari

Ni ne dai na samu kujerar, gara in faɗa tun yanzu. Amma har yau ban cika son tuna yadda na same ta ba.

Mu biyu makaranta ta tura koyon aiki wani ofishin gwamnati a Ƙanƙara, ni da wani ɗan ajinmu ɗan Sabuwa. A makaranta ni ne oga. Duk wanda laftof ɗinshi ta fara kukan lasisi, wurina yake zuwa. Ina da filas ɗin kwamfuta mai manhajojin da aka fasa, kuma in zan saka wa mutum sai na juya mashi baya, yatsuna na gudu, don kada ya ga ta inda na bi. Shi kuwa gayen nan wata tsohuwar laftof gare shi, an ɗaure murfinta da roba. Manhajar kyauta yake amfani da ita, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ya ce a garinsu sabis sai ya ga dama, ita kuma ba ta tambayar kowa izini kafin ta tashi. Mun sha yi mashi dariya, ba ƙarya.

Sati na biyu takarda ta sauko daga sama: duk kwamfutocin ofis a koma manhajar kyauta. Shugaban sashenmu, wani Malam mai farin gemu, ya ce an huta da sabunta lasisi, kuma tsofaffin injinan da aka jibge a sito za su sake numfashi. Sannan ya ce za a ɗauki ɗalibi ɗaya a motar ofis ya je ya saka a Faskari da Sabuwa, da takardar yabo mai hatimi. Ɗaya tak.

Kafin azahar gayen ya tada inji uku. Abin da ya fi ƙona mani rai, ba ya ɓoye komai. Hajiya mai buga takardu, wadda ta kusa ritaya, zama ya yi kusa da ita ya sa hannunshi a aljihu, wai ita za ta danna da kanta. Har masinja ya koya wa haɗa firinta. Da na leƙa kamar ban damu ba, sai ya miƙo mani filas ɗinshi.

“Kwafa mana, mutumina. Ai don a kwafa aka yi ta.”

Na karɓa ina wani shan ƙamshi. Kwana huɗu ina fama da manhajar a gida ban gaya wa kowa ba, har na iya. Sai dabara ta faɗo mani: in kowa ya iya, mi za a yi da shi? Na dinga zuga shi, ina turo mashi mutane, kai har mai shara sai da na tura. Ni kuma na gano yadda ake buɗe tsofaffin fayil ba tare da layukan sun watse ba, na riƙe abina gam. Duk mai so sai ya kira ni.

Ranar da za a zaɓa, Malam ya tara mu ya ce ɗan Sabuwa zai tafi, tunda hanyar gida ce. Ban ko buɗe baki ba Hajiya ta aje gilashinta.

“Malam, yaron nan ba inda za shi. Ban gama ba. Saura yadda ake jera sunaye.”

Masinja ya goya mata baya, akawu ma ya sa baki, wai in ya tafi wa za su tambaya ba tare da an sa sun ji kunya ba. Aka yi ta ja. Malam ya yi dariya, ya waiwayo ya tambaye ni ko na iya. Na ce ƙwarai. Ya dubi ɗakin ko akwai mai magana.

Tsit. Hajiya har da cewa Allah ya kiyaye hanya.

Na fito ina tsalle, na cika guruf ɗin ajinmu da saƙo kafin in kai bakin ƙofa. Washegari na yi wuf da kujerar gaba, na ɗauki hoto ya fi ashirin. Ɗan Sabuwan ne ya rako ni har mota, ya ba ni saƙon da zan kai wa mahaifiyarshi, yana murna kamar shi aka zaɓa.

Mun wuce Sheme direba ya tambaye ni mi ya sa na yi shiru, ko ramukan hanya ne. Na ce mashi su ne. Takardar yabon na nan a jakata, sunana ne a kai. Ni dai da ma Hajiya ta ce ko sau ɗaya a bar mata ni.