Baƙin Baba na Bayan Danga

Duk wanda ya san surukina a Madarumfa ya san shi da buta a hannu da kyamara rataye a wuya. Da hantsi, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya zagaya bayan dangarmu ya cika wani tsohon kasko da ya binne rabinsa a ƙasa, ya ce baƙi na tafe. Baƙin nan kuwa ba mutane ba ne. Gidanmu ne na ƙarshe a unguwar, daga mu sai gonaki har bakin tabki, don haka duk abin da ƙishi ya kama a dajin nan ya san hanyar kaskon Baba: kurege, bushiya, guza, zomo, da wasu da ba na ma son in san sunansu. Ku da kuka san shi daga nesa dariya kuke yi. Ni da aka bar wa shi, ban taɓa yin dariyar nan hankalina a kwance ba.

Maigidana direban kamyo ne, babbar motar kaya, yau Maradi gobe Jibiya. Duk sanda zai tafi maganarsa ɗaya ce: “Ga Baba nan, amana.” To yaya ake riƙon amanar tsohon da ke kwanciya rub da ciki cikin ciyawa yana jiran namun daji? Fargabata kullum ita ce ranar da zan tari mijina a ƙofa in ce masa wani abu ya sari ubansa ina tsaye ina kallo.

Da can Baba mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa ne a bakin meri, ofishin magajin gari, har wayoyi suka zo suka kashe sana'ar. Ya ajiye aikin, amma bai ajiye ƙa'idarsa ba. Ba ya danna kyamara sai an fuskanto shi sosai, kunnuwa biyu a waje, kuma haka ya ɗora wa dabbobi. Wata rana bushiya ta zo shan ruwa, tana jin motsinsa ta dunƙule. Ya kwanta gabanta tun hantsi har rana ta take, yana lallashinta.

“Haba baiwar Allah, ɗago kai kaɗan. Ba a yin kati haka.”

Ko gezau. Da ya gaji ya shigo yana kakkaɓe riga, ya ce da ƙarfi yadda zan ji: “Wagga an yi mata tarbiyya. Ta ɗauka ni surukinta ne.”

Da ni yake, kuma ya faɗi gaskiya. Kun san yadda abin yake. Ba na kallon idonsa, ba na kama sunansa ko a bayan idonsa, balle in tsaya gabansa in ce Baba bari. Sai na samo dabara. Muna da wata jar akuya ɗaure gindin danga, ita ta zama 'yar aikenmu. In na hango shi ya nutse cikin ciyawa sai in ɗaga murya:

“Ke akuya, ba ki ga hakin nan ya kai gwiwa ba? Mai hankali ba shi kwanciya ciki.”

Sai in ji daga bayan danga: “Akuya, ki hwaɗa ma mai ba ki dussa, ni da su mun saba. Ta ji da tukunyarta.”

Wata rana maƙwabciyata ta shigo aron rariya ta same mu mu uku muna gardama. Ta juya ta fita, an jima sai ga ta da turaren korar iskoki ƙunshe a leda.

Abin ya ƙara lalacewa da kaka, lokacin da birai suka ɓullo daga wajen dajin Baban Rafi suna bin gonakin gyaɗa. Wani ƙato ya zo ya zauna bakin kasko, ya zuba wa Baba ido, kunnuwa biyu a waje. Tun da aka fara harkar nan ba a taɓa samun wanda ya bi doka haka ba. Baba ya cire tabaransa ya ajiye kan dutse don ya manna ido da kyamara. Yana dannawa, wani ƙaramin biri ya zagayo ta baya ya sure tabaran ya haye gawo. Da maigidana ya dawo ya ce su je Maradi a yanka masa wasu.

“Mi za ni yi Maradi? Aro ya yi. In ya gwada ya ga ba su yi mishi ba, shina maidowa.”

Har gyaɗa ya riƙa zubawa kan dutsen, wai a yi musaya. Birai suka cinye gyaɗar tas, suka koma dajinsu da tabaran.

Daga nan Baba ya shiga ɗaukar duk abin da ya motsa. Ya taɓa shafe safiya guda yana sanɗar wata baƙar leda da iska ke ja, ya rantse tunku ne. Na ce wa akuya leda ce. Ya ce wa akuya a ina ta taɓa ganin leda mai wutsiya. Unguwa ta samu abin hira, ni kuwa abinci ya daina shiga cikina. Mutumin da ba ya bambanta leda da tunku, me kuma zai bambanta? Na jawo turmina da murhuna gindin danga, inda akwai wata kafa da nake leƙensa. Tuwon da na ƙona a watannin nan Allah kaɗai ya san yawansa.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, kuma an kai akuyar kiwo. Gauraka biyu suka sauka can gaba da kasko, irin baƙin da ya daɗe yana addu'ar zuwansu. Na gan shi yana jan ciki da gwiwar hannu, a hankali, a hankali. Hannunsa ya fara rawa saboda tsufa, shi ya sa yake neman abin da zai ɗora kyamarar a kai. A gefensa cikin busassun ganye akwai wani abu a miƙe, kaurinsa kamar taɓarya. Shi guntun icce ya gani. Ni da idona lafiya lau na ga zanen bayanta, na ga faffaɗan kan. Kasa ce, macijiyar nan mai mugun dafi, tana barcinta.

Ya miƙa hannu.

In na yi jifa, ita zan tasa. In na ce “Baba”, na san abin da zai yi, zai kaɗa mini ɗayan hannun in yi shiru, ya ci gaba. Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na kira shi da sunansa na yanka, tsiransa, ba Baba ba Malam, da muryar da nake kiran yarana in sun nufi rijiya.

Ya sandare, hannu a sama. Gauraka suka tashi. Kasar ta motsa, ta yi wani huci, ta ja jiki ta shige ciyawa ba ta ko sauri. Sai da ya ji hucin nan ya san abin da ya kusa dafawa. Ya ja da baya da ciki, ya zauna dirshan a ƙasa. Ni kuwa na ruga ɗaki na rufe fuska da zane, ban san wanne ya fi ba tsakanin tsoro da kunya.

An jima na ji takunsa ya tsaya bakin ƙofata. Ranar ce ya fara yi mini magana kai tsaye.

“Ɗiyata.”

Na ƙara jan zanen bisa fuskata.

“Wallahi na ɗauka Inna ce. Tun da ta rasu ba wanda ya kira ni haka, kira irin na za ka sha kashi.” Ya yi 'yar dariya. “In mijinki ya zo, ki ce mishi shi kai ni Maradi.”

Ya yi sababbin tabarau, ya ɗaure su da igiya ta ƙeya. Ya yarda aka nome ciyawar, amma ya hana a nemi kasar, ya ce ita ba ta yi wa kowa laifi ba, shi ya je mata.

Bayan damina ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi. A ɗakinsa ya cika, bisa tabarmarsa, kansa a cinyar ɗansa, ba abin da ya sare shi. Da safen ranar na shiga da kunu, idona a ƙasa. Ya yafito ni da yatsa, na durƙusa.

“Ƙara kirana,” ya ce.

Na dubi mijina, ya kau da kai. Na sunkuya daidai kunnen tsohon na faɗi sunan a hankali.

“Na'am,” ya ce.

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na ji. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Allah Ya haɗa shi da Innarsa a Aljanna, inda za ta kira shi ya amsa ba tsoro. Amin.