Rage-Murya da Rediyon Yayarsa

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan rediyo, amma ko tarinsa ba a taɓa ji a iska ba. Wurin aikinsa can bayan gari ne, wani ɗaki mai fanka biyu a gindin dogon ƙarfen eriya, daga shi sai na'urar watsa shiri mai gurnani da ƙadangarun da ke shan ɗumi a bayanta. Abokan aiki suka laƙaba masa Rage-Murya, sunan kuwa ya bi shi har gida.

Tashar ta matsakaicin zango ce. Da rana muryarta ƙasa take bi, iyakar inda ƙarfinta ya kai. Rana na faɗuwa sai sama ta fara maido da ita, ta yi tsalle ta dira a ƙasar wasu, ta shiga bakin tasharsu. Shi ya sa doka ta ce a rage ƙarfi da faɗuwar rana, mai aikin safe ya mayar da fitowarta. Akwai jadawali manne a bango, kowane wata da mintinsa. Yakan danna jan maɓalli, tasha ta ɗauke na daƙiƙa biyu, ya juya hannun ƙarfe, allura ta sauko daga goma zuwa ɗaya. Bawan Allahn nan, in gaya muku, bai taɓa makara da minti ɗaya ba, kuma da abin da yake taƙama ke nan.

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan taƙama ita ce yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Garinta na can ƙarshen inda tashar ke kaiwa. Da ya juya hannun ƙarfen nan, rediyonta sai shuuu.

"Auta, kai wane irin mutum ne?" takan ce masa a waya. "Ana tsakiyar wasan kwaikwayo, an kusa kama ɓarawo, ka yanke ni."

"Yaya, ba ni ba ne, rana ce."

"Ranar ce ke da yatsa?"

Da lokacin ritayarsa ya zo, manaja ya ce ran ƙarshe, bayan labaran ƙarfe shida, wato shida da minti goma daidai, za a ambaci sunansa a yi masa godiya. Ya yi murna, baki har kunne. Sai ya ɗaga kai ya dubi jadawali, ya ga a watan nan shida da minti biyar ake rage ƙarfi. Ga shi kuwa Yaya ta riga ta sayi sabon batir, ta gayyato matan unguwa kaf.

Matarsa ta ce a kira Yaya a kara mata waya a jikin rediyon gidansu. Yaya ta ce sam, a nata rediyon take so ta ji. Ya roƙi manaja a matso da sanarwar, manaja ya ce labarai ba sa matsa wa kowa.

"Minti biyar ne fa, Baba," manajan ya ce yana dariya. "Ka kau da kai. Wa zai sani?"

Ranar ta zo. Shida da huɗu yana tsaye, yatsa a kan maɓalli, gumi har cikin takalmi. Yana son yayar nan tasa kamar ransa, kuma bai taɓa yi mata wani abin nuna wa mutane ba. Agogo ya hau biyar. Ya runtse ido ya danna.

Sunansa ya fito a ƙaramar lasifikar ɗakin, har da tafi. Shi kaɗai ya ji da ƙadangaru, ko kaɗan bai ji daɗinsa ba. Can waya ta yi ƙara, ya ɗauka a sanyaye. Shewar mata ce ta fara cika masa kunne.

"Auta, mun ji ka," in ji Yaya.

"Yaya, ai na yanke."

"Shi nake faɗa. Agogo na ajiye a gabansu, na ce shida da biyar ƙanena zai yi magana. Yana hawa kuwa, shuuu. Suna ai na kowa ana karantawa, har na wanda akuyarsa ta ɓata. Wannan kuwa naka ne kai kaɗai. Duk faɗan da nake yi maka, in na ji shi na san kana lafiya. Da ka makara yau, da yanzu ina tashar mota."

Ya nemi kujera ya zauna, ya goge ido da hannun riga.

"Daga gobe wani ne zai riƙa yanke ki," ya ce.

"Shuun wani ba ruwana da shi. Kai dai ka kira ni shida da biyar, kuma kar ka makara."