Motar Lasifika Ce Ta Sa Na Ɓoye Tarina

Salamu alaikum mutanen Yalwa da Kibiya, da duk wanda wannan ya iske.

Kusan shekara ke nan bakina a rufe. Yau zan buɗe shi. Ni ne Audu mai albasa. Ban yi boko ba, 'yata Rabi ce ke bugawa a wayarta, kuma na ce ko kalma ɗaya kada ta gyara min.

Tarin fuka na yi, wanda asibiti ke kira tibi. Na warke. Amma raina a ɓace yake.

Wata ranar kasuwar Kibiya, wata mota ta shigo da lasifika a kanta, kiɗa kamar gidan biki. Suka ɗaga hoton wani mutum, ƙashi da fata. Mai maganar yana ihu: "Tarin fuka kisa yake! Mai tari yana shafa wa na kusa da shi!" In ya faɗi wani abu bayan wannan, kiɗa ya haɗiye.

Suka raba takardu. Daga baya Rabi ta ce wai a ciki an rubuta akwai magani, kuma kyauta. A takarda! Ni irin albasa na ƙunsa a tawa.

A unguwarmu, bayan magariba kowane magidanci kan fito da tuwon gidansa ƙofar zauren Alhaji Bala, mu haɗa kwanuka mu yi ciyayya. Fiye da shekara talatin ina wannan tabarmar. A satin da motar ta zo, Tanimu mai gyaran keke ya yi tari a wurin. Washegari aka ware masa kwano. Bayan kwana uku ya daina fitowa.

Ni ma na janye gwiwata daga tasa. Ba zan yi ƙarya ba.

Da damina ta faɗi, sai ga tari a ƙirjina. Na tuna Tanimu. Na ce wallahi ba za a ware min kwano da furfurata ba.

Na riƙa tauna kanumfari. Na shanye kwalaben kemis. In ya taso min a wurin ciyayya, sai in ɗauki buta in zaga bayan katanga. Zufa tana jiƙa min shimfiɗa, wando yana zamewa. Ranar da na ga jini a majinata, ƙasa na tura da ƙafa na rufe.

Matata Hajjo ta ce, "Malam, don Allah ka je asibiti."

Na ce, "In je su ɗaura hotona a mota?"

Wata huɗu haka, ɗaki ɗaya da ita, taga a toshe da tsumma don kada maƙwabta su ji.

Ɗanjuma, direban layin Kibiya zuwa Kano, shi Allah ya turo. Ina loda masa albasa tari ya durƙusar da ni. Ya ce, "Baba, na san muryar wannan tarin. Na yi shi."

Na ce, "Kai? Da wannan tumbin?"

Ya yi dariya. "Tumbin bayan magani ne. Wata shida na sha, ko sisi ban biya ba. Shiga gaba, tsoho, kafin ka mutu min a kan buhu."

A asibiti aka ba ni 'yar roba na tofa majina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗora ni a sikeli. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, me ya hana ka zuwa tuntuni?"

Na ce, "Motarku."

Sai ta ce ba a kwano ake ɗauka ba, a iska ne, musamman a rufaffen ɗaki. Ta ce, "Wa ke kwana ɗaki ɗaya da kai? Kawo ta gobe."

Aka auna Hajjo. Ta kamu.

Ni na sa mata, da tsumman da na toshe taga da hannuna. Kwana tara tana kwance a gadon asibiti, ina zaune a benci ina kallon ƙirjinta, ina tsoron ya tsaya.

Magani kyauta ne, gaskiya. Amma kuɗin mota da na hoto da abincin mai jinya sun ci min tunkiya. Kullum da safe ƙwayoyi kafin karin kumallo. Fitsari ya koma ja, gaɓoɓi suna ciwo. A wata na biyu na ji ƙarfi na ce na gama. Ɗanjuma ya zo har gida: "Ka bari, Baba, ya dawo maka da wanda ya fi shi taurin kai." Na ci gaba.

An sallame mu duka biyu. Amma har yau Hajjo ba ta iya daka.

To ku masu zama a ofis kuna tsara abin da za a gaya wa talaka, da ku nake. Kun taɓa zama a tabarmar ciyayya? Kun san abin da ware kwano yake yi wa dattijo? Kun kawo tsoro a lasifika, kun ɓoye magani a takarda. Ku kashe kiɗan. Ku fara da cewa ana warkewa. Ku ajiye hoton ƙwarangwal ku ɗauko Ɗanjuma da tumbinsa ya tsaya a tasha.

Na gode wa Allah. Na gode wa Ɗanjuma, da ma'aikaciyar nan, da Hajjo da ba ta taɓa ce min kai ka jawo ba.

Jama'a, tari ya kai sati biyu, a je a auna majina. A buɗe taga. A kai mutanen gida. A shanye magani har ranar da likita ya ce ya isa.

Ni da bakina na faɗa wa 'yan ciyayya komai. Sannan na je gidan Tanimu na raka shi asibiti. Ashe nasa ma ba tibi ba ne, asma ce. Shekara guda yana cin tuwo shi kaɗai a banza.

Jiya na jawo kwanona na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallona kafin ya sa hannu.