Da Sauƙi

Da ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Talata, mu huɗu ne a ɗakin likita: ni, da mai ɗakina, da likitar, wata 'yar Kudu da aka turo Sakkwato yi wa ƙasa hidima, sai wani dattijon masinja na asibitin da aka kira ya yi mana tafinta. Na san lokacin daidai domin akwai agogo a bango, kuma ni mutum ne mai duba agogo kafin in zauna.

Bari in fara da abin da ya kai mu can, don kada a rikice.

Ni baduku ne. Shekara talatin da 'yan kai ina ɗinkin fata a wata 'yar kasuwa a Tudun Wada, ina yin tumtum da jaka da kuben wuƙa da takalmi. Shekara biyu kafin wannan Talatar, ɓarin jikina na hagu ya shanye. Na yi jinya, na tashi. Hannun dama yana nan da basillarsa. Na hagu kuwa sai dai in ɗauko shi in aza bisa fata ya danne mini ita. Ƙafar hagu tana biye da ni, ba ta gardama, amma sai na jira ta. A haka na koma aiki. Ana nan sai aka rushe rumfunanmu aka gina bene, aka yi ƙuri'ar shaguna, tawa ta faɗa sama. Na je na ƙirga matakalar, ashirin da biyu. Na gwada hawa, na tsaya a ta huɗu, mutum biyu suka sauko da ni.

Masu kula da kasuwar suka ce akwai shago ɗaya a ƙasa, na gindin matakala, da aka ware wa mai nakasa. In na kawo katin shaida kafin ranar raba makullai, nawa ne. In ban kawo ba za a ba wani mai sayar da katifu, wanda shi ma ƙuri'arsa ta faɗa sama, kuma tun ranar yake zagaya shagon yana auna faɗin ƙofar da hannuwa. Kati ba ya samuwa sai da takardar likita. Shi ke nan dalilin zamana gaban likitar.

Ta yi magana da Turanci. Masinjan ya gyara hula ya juyo.

"Ta ce yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya juya mata da Turancinsa, ta rubuta. Ta sake yin magana.

"Ta ce ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ta ce yaya aiki?"

"Aiki da godiya."

Ni a wurina gaisuwa muke yi, ina jira a gama a shiga maganar da ta kawo mu. Har na ji daɗi a raina, na ce yarinyar nan an yi mata tarbiyya. Sai ta ɗauko wata 'yar guduma ta roba ta ƙwanƙwasa mini gwiwar hagu. Ƙafar da ta shekara biyu ba ta ɗagu don kaina ba ta zabura ta shuri masinjan a ƙwauri.

"Kai, Baba!" in ji shi, alhali ya girme ni. "Wagga ƙahwa ai ta hi tawa lahiya."

Da ƙarfe goma saura kwata muka fito da takarda a ambulan.

Washegari muka hau kabu-kabu zuwa ofishin da ke ba da katin. Akawun mutum ne mai tsabta, birona uku a aljihu, kowane da launinsa. Ya karanta takardar har ƙasa, ya ajiye.

"Baba, likita ta rubuta cewa ɓarin jikinka ya shanye. Wannan ya yi. Amma ga layin ƙarshe. Ta ce mai jinya da bakinsa ya ce yana samun sauƙi, ba ya gajiya, kuma aikinsa na tafiya har yana godiya."

"Gaisuwa ta."

"An rubuta ta, Baba."

Ya jawo wani littafi ya karanta mini abin da doka take kira nakasa, yana juya shi da Hausa. Na roƙe shi ya maimaita sannu a hankali, domin ina son abu daki-daki. Sharuɗɗa uku ne. Na ɗaya, tawayar ta zama mai tsanani. Na biyu, ta hana mutum wasu harkokinsa na yau da kullum. Na uku, ta zama ta dindindin, wadda ba a sa ran gushewarta. Ya ce mai samun sauƙi ya faɗi a na uku, wanda ba ya gajiya ya faɗi a na ɗaya, mai godiyar aiki ya faɗi a na biyu. Cikin gaisuwa ɗaya na faɗi sau uku.

Na ce, in nakasa sai ta hana mutum aiki, me mai nakasa zai yi da shago? Ya ce wannan tambayar ta masu kasuwa ce, shi kati yake bayarwa. Ya ƙara da cewa hawa bene ma harka ce ta yau da kullum, in likita ya rubuta, zai karɓa.

A bakin titi, muna jiran mai kabu-kabu, mai ɗakina ta fara.

"Malam, mi yak kai ka cewa da sauƙi?"

"Ke, ranar da munka tai duba babanki, saura kwana biyu ya cika, mi yac ce miki?"

Ta ce, "Da sauƙi."

"To."

"Shi ai ba shago yaka nema ba."

Talata ta zagayo muka koma asibiti. Wannan karon na sami likita ɗan gari, mai furfura a gemu. Ya karanta takardar farko, ya cire tabarau, ya yi dariya har sai da ya share ido. Ya ce a ɗakin nan ya taɓa jin mutum ya ce da sauƙi ana ɗauke da shi a tabarma. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa na yi tafiya daga ƙofa zuwa taga, ya sa na damƙi yatsunsa da hagu, ban iya ba, ya rubuta sabuwar takarda. Da zan fita ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Na ce amin, ya ɗaga yatsa ya ce wannan ba zai rubuta ba.

Na ɗauka an gama. Akawun ya karɓi takardar, ya ce madalla, ya fito da fom. Ya yi ta tambaya yana cikewa, suna, unguwa, sana'a, har muka zo shafin ƙarshe, wanda ya ce mai nema ne zai cike da hannunsa. Tambaya ɗaya ce: shin nakasarka ta dindindin ce? Ga akwatin I, ga akwatin A'a, ga layin sa hannu a ƙasa.

Na ajiye biron.

"Dindindin Allah na," na ce.

"Haka ne, Baba. Amma ka yi alama a I."

"In yi shaida da hannuna cewa ba zan warke ba? Ni na san gaibu?"

"Likita ya riga ya rubuta."

"Likita ya rubuta abin da ya gani. Ni kana so in rubuta abin da Allah zai yi."

"To yi alama a A'a."

"In na yi fa?"

"Ba kati."

Karatun bokona ya tsaya a aji shida, na allo kuwa na sauke. Abin da aka koya mini shi ne, bawa ba ya fid da tsammani daga rahamar Ubangijinsa. Shekara biyu kullum bayan sallar asuba ina shafa wa hannun nan addu'a. Ba zan roƙi waraka da safe ba in je ofis da hantsi in sa hannu cewa ba ta zuwa. Na ce da akawun ya ajiye fom ɗin, zan dawo. Ya ce saura kwana takwas a raba makullai, shi ma ya ji labari, domin mai katifu ya zo sau biyu yana tambaya ko ciwon baya nakasa ne.

Bayan la'asar na tsare limamin unguwarmu a ƙofar masallaci. Tsaran wasana ne, Sarkin Dukawa yake kirana ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Na zayyana masa komai daga ɗaya har ƙarshe. Ya shafa gemu ya kawo shawara uku.

Ta farko, in rubuta "dindindin, in Allah ya so." Na ce wannan ai roƙon ciwon nake yi ya zauna. Ya yi tunani ya ce gaskiya ne, a janye ta.

Ta biyu, in rubuta "dindindin, zuwa yanzu." Na ce akwatin bai kai ƙwayar gero biyu ba, kuma akawun ya ce alama kawai ake yi.

Ta uku, in yi alamar, in yi togaciya a zuciyata, Allah ya san niyya. Na ce Allah ya sani, amma takarda ba ta sani ba, kuma ita ce za ta zauna a fayil bayan na mutu.

"Sarkin Dukawa," in ji shi, "ko ƙahwar taka mai lahiya ai ba ta dindindin ba ta. Kai kanka ba na dindindin ba na."

Na ce wannan maganar daidai ce, amma ba ta da akwati a fom.

A gida mai ɗakina ta aje mini tuwo da ƙarfi, har miya ta zuba.

"Kai ka sani. Ka ɗauki karatun naka ka hau benen da shi."

Na ci tuwona. Kwana shida ina zuwa kasuwa ina zama a inuwar ginin da fata a cinya, don kada masu kawo aiki su manta da ni. Kullum mai katifu sai ya zo, ya jira sai ɗaya daga cikin masu kula da kasuwar yana kusa, sannan ya ɗaga murya.

"Malam baduku! Yaya jiki?"

Ina sane da abin da yake nema. Amma mutum ya gaishe ka gaban jama'a, me za ka ce? Sai in ce da sauƙi. Shi kuma sai ya waiwaya ya ce, "Kun jiya? Da bakinai."

Ran na bakwai, da ƙarfe sha ɗaya daidai, na koma ofis, mai ɗakina tana bayana. Akawun ya fito da fom ɗin ya miƙo mini shuɗin biro. Na yi bisimilla na yi alama a akwatin I. Mai ɗakina ta sauke numfashi. Sai na sauko layin sa hannu. Ni dama da ajami nake sa hannu, tun ina saurayi, kuma layin yana da tsawo. Na faro daga dama a tsanake, da wasali da komai, na rubuta: sai dai abin da Allah ya yi. Ban sa sunana ba, domin wuri ya ƙare.

Akawun ya jawo takardar. Ya karkata ta. Na ga leɓensa na motsi daga dama zuwa hagu. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi.

"Baba, sunan nan naka da tsawo."

"Haka anka raɗa mini."

Ya buga hatimi. Ya ce abu ɗaya, duk inda aka ce in sa hannu kan maganar katin nan, in sa irin wannan sak, in ya saɓa za a ce jabu ne. Da shi na karɓi katin. Da shi na karɓi makullin shago washegari, mai katifu yana tsaye yana leƙen takardar. Yanzu a kasuwarmu duk wata takarda da ta shafe ni abin da ke ƙasanta ke nan, har ta taron shara.

Shagon yana hannuna. Na kafa teburina a bakin ƙofa, tumtum a jere a dama, jakunkuna a rataye bisa tsari. Amma a bayan katin an rubuta cewa za a riƙa sake dubawa, kuma in an sami shaidar mai katin ya samu sauƙi za a karɓe. Mai katifu ya sa an karanta masa wannan layin. Ta kaina yake bi da katifunsa, hawa da sauka, kuma na lura duk sanda na yi baƙo sai ya tsaya hutawa a mataki na huɗu, katifa a ka, kunne a ƙasa. Kwanan baya ya sayi babbar waya mai ɗaukar magana.

Na gwada koyon wata amsa. Mai ɗakina ta riƙa tambayata a tsakar gida ina cewa ba sauƙi, amma bakina ya ƙi, da an zo wurin sai tsohuwar ta fito.

Saboda haka, mai karatu, ina roƙonka abu ɗaya. In ka biyo ta Tudun Wada ka ga baduku a gindin matakala, hannun hagu bisa fata, ka yi sallama, ka tambaye ni gida, ka tambaye ni iyali da kasuwa, zan amsa maka duka bi da bi. In ka zo kan jiki, ka tsallake shi. In kuwa ba za ka iya tsallakewa ba, don na san da wuya, to ka fara ɗaga kai ka duba matakala, sannan ka matso kusa ka tambaye ni a kunnen dama.